Wa zai biya kuɗin gwajin fasahar birni a Maraɗi?

Wani matashi daga unguwar Zariya ya aiko da tambaya. Shi da abokansa, waɗanda suka gama karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, suna da dabaru uku da suke son gwadawa a cikin gari: fitilun titi na sola da ake lura da su daga nesa, na'urar da ke sanar da tashin ruwa a gulbi, da karɓar kuɗin tikitin kasuwa ta waya. Sun rubuta takarda, sun kai ofisoshi, har yau shiru. Yana son ya san wanda ke ba da kuɗin irin wannan gwaji, da ƙofar da ya kamata su fara zuwa.

Ƙanena, sannunku da ƙoƙari. Zan gaya maka inda kuɗin suke, amma ba da su zan fara ba. A aikina na tsara kasafin gundumomi na ga takardu irin taku da yawa, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke faɗuwa. Suna faɗin nawa za a kashe a sayi kaya a kafa, ba sa faɗin wanda zai ci gaba da biyan kuɗin tafiyar da su ranar da mai tallafi ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Duk Bamaraɗe ya san sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa da dawar kullum su ne. Mai ba da kuɗi da ya san aikinsa shafin nan yake fara dubawa, in bai gan shi ba sai ya ajiye takardar, kuma ba zai kira ku ya faɗa muku dalili ba. Ina jin shirun da kuke ji daga nan ya samo asali.

Kuɗin tafiyarwa a garinmu sun fi abin da masu tallar kayan ke faɗa. Kowace na'ura da ke aika bayani tana buƙatar layin waya da kuɗin data duk wata. Batirin da aka auna ƙarkonsa a ƙasar sanyi, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana cinye shi tun lokacinsa bai yi ba. Ƙurar hunturu tana rufe faifan sola, sai an sa mai gogewa. Ga albashin mai gyara da man babur ɗinsa. Ga kuɗin manhaja, wanda sau da yawa da yuro ko dalar Amurka ake biya duk shekara, ran da aka daina biya kuma allo ya mutu. Sannan ga wuta. Maraɗi da Damagaram daga layin Katsina suke shan lantarki, ta Gazawa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru da Najeriya ta katse wutar a watan Agusta 2023, ba ta maido ba sai cikin Maris 2024. Tun lokacin ma hanyar Kwatano ta rikice, kayan gyara da ke zuwa cikin makonni suka koma ɗaukar watanni. Saboda haka kafin ku rubuta ko da layi ɗaya na neman tallafi, ku zauna ku fitar da lissafin abin da za a riƙa kashewa duk wata har shekara uku bayan an kafa kayan, ku rubuta sunan wanda zai biya a gaban kowane layi. Layin da bai sami suna ba, shi ne ramin da gwajinku zai faɗa.

In kun yi wannan lissafi za ku ga dabarunku uku ba jinsi ɗaya ba ne. Ɗaya tana kawo kuɗi, ɗaya tana ci ba ta kawowa amma tana tsare rai, ɗaya kuma tana tsaka-tsaki. Kowace da ƙofarta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa su cikin takarda guda a kai wa mutum guda.

Da ni ne ku, da kasuwa zan fara, domin ita kaɗai ce za ta iya ciyar da kanta, wataƙila har ta ciyar da ƴan'uwanta. Maraɗi gari ne na kasuwanci, ƙidayar 2012 ta ba shi mutum sama da dubu 260, kuma ba mai shakkar ya ƙaru sosai tun lokacin. Kowace safiya masu karɓar tikiti suna zagaya rumfuna da tasoshi. Ba sabon haraji kuke kawowa ba, abin da ake biya ne kuke son ya isa inda aka nufa, a kuma san adadinsa. Bari in yi maka lissafin misali, kai kuma ka maye gurbin alƙaluman da na gaskiya. A ce ɓangare ɗaya na kasuwa yana da rumfa da tebur 500, kowa yana biyan dala ashirin, wato sefa 100, a rana. Jika 50 ke nan kullum, miliyan ɗaya da rabi a wata. In littafin gunduma ya nuna jika 900 ne ke shiga, akwai giɓin jika 600. Ko rabinsa kuka toshe, kun sami jika 300 a wata da ba a gani a da. Daga cikinsu za a biya data, a biya gyara, a ƙara wa masu karɓa lada, a kuma rage saura. Wannan hujja ce da kantoma zai saurara, domin kuɗin da ba ya gani kuke nuna masa, ba aljihunsa kuke nema ba.

Amma akwai abubuwa uku da ke kashe irin wannan gwaji, kuma duk ba na fasaha ba ne.

Na farko, ba a aunawa kafin a fara. In ba ku san abin da ake samu yau ba, ba yadda za a yi ku nuna kun ƙara komai gobe. Ku nemi izini ku ƙirga rumfuna ɗaya bayan ɗaya, ku kwafi abin da ya shiga littafi a watannin baya, har da na damina da na kaka, tunda kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wannan aiki ba ya cin kuɗi sai ƙafa da haƙuri, kuma shi ne abin da ya fi komai daraja cikin takardarku.

Na biyu, a ce kowace mai sayar da tumatir sai ta biya sefa 100 ta wayarta. Ba zai yiwu ba. Da yawa ba su da asusun waya, masu shi kuma ba za su tsaya danna lambobi ga mai saye a gabansu ba, sannan ladan da kamfanin waya ke cira a kan ƙananan kuɗi yana iya cinye ribar. Abin da ke aiki shi ne mai karɓa ya riƙe ƴar na'ura mai fitar da rasit, ya karɓi tsaba kamar yadda ya saba, na'ura ta rubuta rumfa da lokaci, da yamma ya zuba jimilla sau ɗaya ta Airtel Money ko wani kamfanin aika kuɗi irin su Nita da Amana. Manyan ƴan kasuwa masu son biyan na wata gaba ɗaya ta waya sai a buɗe musu hanya. Kuma ku sani kuɗin gunduma kuɗin gwamnati ne, doka ta ce ta hannun ma'ajin baitulmali suke bi. Kada ko sefa ɗaya ta kwana a asusun kamfaninku. Ku a biya ku ladan aikinku bisa yarjejeniya rubutacciya, kuɗin kasuwa kuma su wuce kai tsaye. Matasa da yawa sun shiga uku a nan da kyakkyawar niyya.

Na uku shi ne wanda ba a son faɗa. Giɓin nan da kuke son toshewa, akwai masu ci daga cikinsa, kuma ba dukkansu miyagu ba ne, wasu ladan da ake ba su ne ba ya kai su ƙarshen wata. In kasafinku bai tanadi ƙarin lada ga mai karɓa bisa abin da ya tara ba, za ku ga na'urori suna lalacewa ɗaya bayan ɗaya, yau an ce batir, gobe an ce babu layi. Ku zauna da su tun farko, ku zauna da sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa. Ɗan kasuwa kuma ba zai damu da na'urarku ba sai ya ga an kwashe juji ko an gyara makewayi da kuɗin. Ku roƙi gunduma ta ware wani kaso na ƙarin da aka samu ga aikin da ido zai gani a cikin kasuwar kanta, a rubuta a allo a bakin ƙofa.

Ba mu ne farkon gwada irin wannan ba. A Firitawun, babban birnin Saliyo, magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta sake tsarin harajin gidaje a 2020. An yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da matasa masu zagayawa da waya, gidajen da ke cikin rajista suka kusan ninkawa. Tallafin Birtaniya ne ya biya kuɗin kafa tsarin, harajin da ya ƙaru kuma ya ɗauki nauyin ci gaba. Sai dai a shekarar nan ma'aikatar ƙananan hukumomi ta ƙasar ta dakatar da aikin na wani lokaci a kan batun izini da ƙa'idoji. Darasin a fili yake: ko gunduma ta amince, a tabbata gwamna da ma'aikatar da ke sama sun san da maganar a rubuce.

Nawa gwajin kasuwa zai ci? Kaɗan ne in kun tsaya a ɓangare ɗaya: ƴan na'urori, takardar rasit, data, horo, da ladanku na wata shida. Irin wannan ba ya buƙatar Bankin Duniya. Gunduma tana iya sa shi a kasafinta, ko ku nemi wani Alhaji ya ba da kuɗin kayan a biya shi daga baya cikin ladanku. Ni na fi son gunduma ta sa ko da kaɗan ne daga nata, domin abin da aka ba ofis kyauta ba wanda ke tambayar lafiyarsa.

Ba ka ambaci ruwan famfo ba, amma dole in kawo shi, domin shi ne gwajin fasahar birni mafi kusa da mu da aka yi a Nijar. Wani ƙaramin kamfani mai suna CityTaps ya haɗa kai da SEEN, kamfanin da ke raba ruwan famfo a lokacin, a Yamai, suka sa mitocin ruwa da ake biya tukuna ta Orange Money, mutum ya sa na jika ɗaya ko ƙasa da haka, ruwa ya zo daidai kuɗinsa. Asusun ƙirƙira na GSMA, ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, shi ya ba da tallafin, kuma yawancin kuɗin asusun daga gwamnatin Birtaniya suke. Da mitoci kaɗan aka fara, da aka ga sakamako aka ƙara tallafi aka haura dubu. Dubi yadda aka raba nauyin. Tallafi ya ɗauki haɗarin gwaji, kamfanin ruwa ya kawo masu famfo da ma'aikata domin shi ke fama da bashin da ba a biya, kamfanin waya ya kawo hanyar biya domin yana samun lada. Kowa akwai abin da ya kai shi. Dubi kuma abin da ya biyo baya: a 2019 aka sayar da Orange Nijar ta koma Zamani, a farkon 2024 kuma NDE, sabon kamfanin ruwa na gwamnati, ta karɓi aikin ruwa daga SEEN. Abokan aikin da ka sa hannu da su yau ba lallai su ne za ka tarar gobe ba. Yarjejeniya ta faɗi abin da zai faru in abokin ya canza, kuma kada tsarinku ya ɗaure da kamfanin waya ɗaya. In kuna sha'awar ruwa, ku sani ba gunduma ke da shi ba, wajen NDE da SPEN, kamfanin gwamnati mai kula da kadarorin ruwa, za ku nufa, kuma ku tuna da ƴan garuwa, su ma da ruwan suke ci.

Yanzu ambaliya. Wannan ba za ta taɓa kawo ko dala ɗaya ba, kada ku wahalar da kanku wajen ƙirƙiro mata hanyar riba. Aikin hukuma ne, kuma a nan ne kuɗin manyan masu tallafi suka dace. Garinmu da ruwa tsohuwar magana ce: ambaliyar 1945 ce ta sa aka taso da Maraɗi daga fadama aka hau tudu. A ƙarshen Agusta 2024 kuma ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, wajen milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, aka rasa rayuka aƙalla 15, gidaje suka zube. Ka lura da bambancin biyun, domin shi zai gyara muku takarda. Ruwan gulbi daga Najeriya yake gangarowa, ta wajen madatsar Jibiya, saboda haka na'urar auna shi tana da amfani ga masu noman fadama da unguwannin bakin gulbi, muddin an kafa ta can sama inda za ta ba da sa'o'in shiri. Amma ruwan 2024 a kan garin ya sauka, ya bi tituna da kwazazzabai. Na'urar da ke bakin gulbi ba abin da za ta faɗa wa mai gidan ƙasa a tsakiyar unguwa. Abin da zai taimake shi shi ne a san inda ruwa ke bi, wace magudana ce ta toshe, wane lungu ne ke cika.

Wannan aikin taswira ne, kuma ya fi na'ura araha nesa ba kusa ba. A Darussalam ta Tanzaniya, tun 2015, shirin Ramani Huria ya sa ɗaliban jami'a da mutanen unguwa suka zagaya da wayoyi suna zana magudanan ruwa da wuraren da ke cika, da tallafin Bankin Duniya, taswirar kuma ta zama ta kowa a OpenStreetMap, shafin taswira na kyauta a intanet. Ku ɗaliban jami'a ne jiya-jiya, kuna da malamai da ƙanne a can. Ku zana unguwa ɗaya da kanku kafin damina, ku koma bayan ruwa ku ɗauki hoto ku auna inda ya kai a bango. Ranar da kuka shiga ofis da wannan a hannu, ba roƙo kuka je yi ba.

Wane ofis? Akwai shirin PIDUREM, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2022 a kan dalar Amurka miliyan 250 domin raya birane da kare su daga ambaliya, kuma Maraɗi na cikin garuruwan da ya shafa. Sai dai ka fahimci yadda irin waɗannan kuɗi ke tafiya. Bankin Duniya gwamnati yake ba, gwamnati ta kafa ofishin shiri, ofishin ya fitar da sanarwar kwangila. Ba ya rubuta wa ƙungiyar matasa cak. Hanyarku ita ce gunduma ta sa buƙatar cikin abin da take gabatarwa, ko ku shiga ƙarƙashin babban kamfanin da ya ci kwangilar bincike, tunda su ma suna neman ƴan gari da suka san lunguna. Game da na'urar gulbi kuwa, an riga an yi irinta a kogin Sirba, a jihar Tillaberi, da tallafin Italiya, tare da hukumar yanayi ta ƙasa da ma'aikatar ruwa. Ku nemi ma'aikatar ruwa ta jiha ku ji yadda aka yi. Gargaɗin ambaliya ba abu ne da kowa zai tashi ya aika wa jama'a ba, sai ta bakin hukuma. Kuma kashi mafi muhimmanci ba na'urar ba ce, yadda labari zai isa kunnen tsohuwa da tsakar dare ne: saƙon murya da Hausa, gidajen rediyon gari, lasifikar masallaci, mai unguwa.

Wasu za su ce maka ka nemi shirin ƙauyuka masu fasaha da ANSI, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, ta jagoranta, wanda Bankin Duniya ya sa wa dalar Amurka miliyan 100 a 2020. Karkara aka yi wa shi, ba cikin birni ba. Kada ka ɓata takalminka.

Ya kamata ku kuma san lokacin da muke ciki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da tallafinta, Tarayyar Turai da Amurka suka tsayar da wasu shirye-shiryensu, Bankin Duniya ma ya dakata da sakin kuɗi kafin ya ci gaba a 2024. A 2025 kuma aka rushe USAID, hukumar tallafi ta Amurka, gaba ɗaya. Ba siyasa nake ba, lissafi nake: shirin da ya dogara da aljihun waje ɗaya yana iya tsayawa cak saboda abin da ba ruwan Maraɗi da shi. Kuma ko an samu, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wani tallafin yana zuwa da sharaɗin sayen kayan ƙasar mai bayarwa, wani da rahotannin da za su cinye rabin lokacinku, wani sai kun kawo naku kason kafin a saki nasu. Ku karanta sharuɗɗan kafin ku yi murna.

Bashi kuwa, kada ku ci shi domin gwaji, kada ku zuga gunduma ta ci. Ma'anar gwaji ita ce yana iya faɗuwa. Bankin BOAD da ke Lome da Bankin Musulunci da ke Jidda suna ba da rancen manyan ayyuka, amma wannan sai bayan abu ya tabbata ana son faɗaɗa shi, kuma ta hannun gwamnati. Dakar ma, da girmanta, ta shirya sayar da takardun bashi na sefa biliyan 20 a 2015, gwamnatin Senegal ta hana ana dab da farawa. Abin da gunduma ke iya samu daga sama ba tare da bashi ba yana bi ta ANFICT, hukumar da ke raba wa gundumomi kuɗin tallafi, kuma sai abu yana cikin tsarin raya gunduma da kasafin shekara ake kula shi. Kasafi kafin shekara ta shiga ake tsara shi. Wanda ya kawo takarda a watan Maris ya makara, sai baɗi.

Kuɗin gida fa? A nan nake ganin matasanmu suna raina abin da ke gabansu. Alhazan Maraɗi sun gina masallatai da makarantu, sun haƙa rijiyoyin burtsatse ba adadi, ba tare da sun jira kowa ba. Abin da ba su saba ba shi ne a ce su sa kuɗi cikin abin da ba a gani. Kada ka je wa Alhaji da maganar manhaja. Ka je masa da maganar layin shagunansa da ke duhu bayan isha'i, ko titin makarantar islamiyyar da ya gina. Fitilunku a nan suka dace, kuma ba zan daɗe a kansu ba: layi ɗaya, masu shaguna su yi karo-karo duk wata na gyara da mai gadi, Alhaji ya sayi kayan a matsayin sadaka mai gudana. In zai yarda ya haɗa da wakafin shago ɗaya da hayarsa za ta riƙa sayen batir, to kun gama. Na'urar lura daga nesa tana da amfani ne kawai in akwai wanda zai hau babur ya je ya gyara ran da ta ce fitila ta mutu. In babu shi, ku sayi ƙarin fitila da kuɗin. A takardar wutar NIGELEC ma akwai ɗan harajin da ake ware wa gundumomi domin harkar lantarki, ku tambayi ofishin kuɗi na gari abin da ake yi da shi. (Kyamarorin tsaro, waɗanda kowane mai talla ke fara nunawa, ku bar su tukuna. Suna da tsada, suna cin data, kuma sai an sa mutum ya zauna gabansu dare da rana.)

Kamfanonin waya sun fi saurin ba da kaya a kan tsabar kuɗi: layuka, data, lambar da ake dannawa a ƙaramar waya, wani lokaci har wuri a jikin eriyarsu. Ku ƙimanta duk wannan da sefa ku sa cikin kasafi, haka ma lokacin malaman jami'a da ɗakin aikin da aka ba ku aro. Shi ne kason naku da masu tallafi ke tambaya.

Ina yawan tuna wa matasa cewa jihar nan ta fitar da gwaje-gwaje biyu da suka zagaya duniya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a nan, mata suna zubi duk mako cikin akwati suna ba juna rance, yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama. Tun farkon shekarun 1980 kuma Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, da manoman yankin nan suka fara barin kututturan itatuwa su toho a gona ana rage musu rassa, abin da ya kai ga farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Kuɗin waje sun biya horo da yaɗa labari a duka biyun, amma abin da ake kashewa kullum mai cin amfanin ne ke ɗauka, kuma bai fi ƙarfinsa ba. Ku auna kowace dabara taku da wannan ma'auni.

Saura yadda za a tsara kuɗin in an samu. Kada ku karɓa gaba ɗaya ko an ba ku. Ku raba kashi uku: na aunawa da shiri, na kafawa a wuri ɗaya, na faɗaɗawa, kuma kowane kashi sai an cika sharaɗin da aka rubuta tun farko. Ku rubuta da hannunku abin da zai sa a dakatar da gwajin, misali in bayan wata shida ƙarin da aka samu bai kai kuɗin tafiyarwa ba. Matasa suna jin tsoron wannan layi, alhali shi ke sa mai kuɗi ya yarda da ku. Ku ware kaso na gyara a asusu dabam wanda ba a taɓawa domin taro ko tafiya.

Bayanan da za ku tara, sunayen ƴan kasuwa da lambobinsu da abin da suke biya, na gunduma ne, ba naku ba, ba na kamfanin da ya sayar muku da manhaja ba. A rubuta cewa duk ranar da aka rabu za a miƙa su cikin tsarin da kowace kwamfuta ke iya buɗewa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, ku sanar da ita kafin ku fara tattarawa. Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A Toronto ta Kanada, kamfanin Sidewalk Labs, ɗan'uwan Google, ya janye daga babban shirinsa na unguwar zamani a watan Mayu 2020. Ya ce yanayin tattalin arziki ne, amma kafin nan an daɗe ana ja-in-ja da mutanen gari a kan wanda zai mallaki bayanansu.

Tun Afrilu 2024 da aka rushe majalisun gundumomi, kantomomi ke riƙe da gari, kuma ana iya canza kantoma kowane lokaci. Saboda haka kada yarjejeniyarku ta zama ta baki tsakaninku da mutum ɗaya. Ku bi ta babban sakatare da ofishin kuɗi da na ayyuka, su ne ke nan ko an yi sauyi. Birnin ya kasu gundumomi uku, ku tabbata kun san kasuwar da kuke nufi a hannun wa take, gunduma ko babban ofishin gari. Ku kai gaisuwa fada, ku sanar da mai unguwa. Takardar da za ku kai kada ta wuce shafi biyu: abin da kuka ƙirga, abin da za a kashe duk wata da mai biya, abin da kuke nema, da ranar da za a zauna a duba sakamako. In kuma har yanzu ba ku yi rajistar kamfani ko ƙungiya ba, ku fara da ita cikin makon nan, ku karɓi lambar haraji ku buɗe asusun banki da sunanta, domin ba baitulmali ba mai tallafi da zai zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya.